Funfuna ta cinye mini kabad ɗin kicin a Agege, ina mafita?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Legas, don abin nan ya kai mini ko'ina.

Ni 'yar Funtua ce. Ƙarshen bara aka yi wa maigidana canjin wurin aiki, muka dawo Agege muka kama haya a wani gidan bene, mu ne a ƙasa. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo, rana ba ta leƙowa ko da azahar. Kabad ɗin a jikin bango muka same shi, na sama da na ƙasa, irin farin katakon nan mai santsi.

Da muka tare cikin Disamba komai lafiya lau. Tunda ruwa ya kankama a watan Mayu abubuwa suka rikice. Ina buɗe ƙofar kabad wani wari mai nauyi zai bugi hancina. Muciyata da ludayin duman da na taho da su daga gida duk sun yi funfuna, wani gashi-gashi kore da toka-toka, in wanke yau jibi ya dawo. Kukar da Inna ta aiko mini ta dunƙule ta zama curi guda. Daddawa ta yi fari. Gishiri ya jiƙe, magi yana narkewa a cikin takardarsa. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne garin masara, wajen tiya shida, na buɗe buhun na tarar yana tsami, can ƙasa ya yi kore. Shi kuma kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke gindinsa ya kumbura, in ka danna da yatsa sai ya lotsa, bayansa baƙi ƙirin.

Na kwashe komai na wanke da bilic da omo, na shimfiɗa leda. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba kafur, na zuba a kowane lungu. Warin ya ɗan lafa, amma baƙin ya sake fitowa ta ƙarƙashin ledar. Na yi wa mai kula da gidan magana, ya ce haka Legas take, kowa haƙuri yake yi. To ni ina da jaririya 'yar wata biyu, ga yayarta Hanifa da tari ke damunta da dare, shi ya sa hankalina bai kwanta da wannan haƙurin ba. A Funtua sai mu ajiye buhun hatsi shekara guda, in ba ƙwari ba babu abin da zai taɓa shi. Yaya ake yi a nan? Sannan garin nan, in na shanya shi na tankaɗe zai ciwu?

Malam Sani Kafinta:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya jaririya. Ni a Mushin nake, haɗa kabad na kicin ne sana'ata, kuma duk damina rabin kiran da ake mini a kan irin wannan ne.

Funfuna ba ta zama inda babu ruwa. Bilic yana share wadda ido ya gani, amma muddin ruwan yana ci gaba da zuwa, za ta dawo. Don haka ki dakata da sayen magani tukuna, ki gano ta ina ruwan yake shigowa.

Ki fara da ƙarƙashin sinki, don yadda kika kwatanta gindinsa na fi zargin nan. Ki fitar da komai, ki goge ya bushe, ki shimfiɗa busasshiyar jarida. Ki toshe sinkin, ki cika shi da ruwa taf, sannan ki zare matoshin ruwan ya tafi gaba ɗaya, ke kuma ki durƙusa da tocila kina kallon bututun. Ki bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa, musamman inda bututun ya lanƙwashe da inda aka ɗaura shi a gindin sinki. Akwai 'yar robar da ke tsakani, in ta tsufa sai ta riƙa sakin ɗigo ɗaya-ɗaya, kuma wannan ɗigon ya isa ya kashe katako cikin damina guda. Ki duba tiyon da ke kawo ruwa ga famfon shi ma. Sai bakin sinkin ta sama, inda ƙarfe ya haɗu da katako ko tayil: in silikon ɗin wurin ya ɓamɓare ko ya yi baƙi, duk wanke-wanken da kika yi ruwa yana silalewa ciki ba ki sani ba. Ki bar jaridar ta kwana, da safe za ta nuna miki daidai inda yake ɗiga.

In can lafiya, to bango ne. Mene ne a bayan bangon da kabad ɗin ya jingina? In banɗaki ne, galibi bututun da aka binne a bango ne ya tsage, ko ruwan wanka yana bi ta tsakanin tayil. In waje ne, ki zagaya ki duba ko kwata ta toshe tana kwance a gindin ginin, ko ruwan indararo yana dukan bangon, ko na'urar sanyaya ɗaki ta mutanen sama tana tsiyaya a kai. Akwai kuma laimar da ke tasowa daga ƙasa, wadda ta zama ruwan dare a gidajen ƙasa na Legas, saboda ruwa yana kusa da saman ƙasa, kuma magina da yawa ba sa shimfiɗa ledar da ke tare shi kafin su zuba kankaren daɓe. Alamarta fenti ya riƙa kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen ƙugun mutum, wani farin gari mai gishiri-gishiri yana fitowa a jiki.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki yanko farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ki manna ta a bangon da salatif, ki rufe gefe huɗun ruf, ki bar ta kwana biyu. In kin ga raɓa ta cikin ledar, ta ɓangaren bango, ruwan daga bango yake. In ta waje ta jiƙe, tururin kicin ɗin ne da iskar gari.

Maganar katakon kuma, wannan fari mai santsin MDF ne ko ɗan uwansa na ɓarɓashin katako. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da farar fata. In ruwa ya shiga ta bakinsa ya kumbura, ba ya komawa, ko wata guda kika shanya shi. Wanda ya lotsa ɗin cirewa za a yi. Kada ki yarda wani ya ce zai shafa masa fenti ya rufe, funfunar tana cikin naman katakon, za ta ɓullo. Ni abin da nake yi wa mutane, ina cire gindin da bayan kabad ɗin sinki, in sa filawud mai jure ruwa wanda muke kira marin, in shafe bakinsa duka da fentin mai, bayan kuma in bar shi a buɗe yadda za a riƙa ganin bututu. Ina ɗora kabad ɗin a kan ƙafafun roba ya tashi daga ƙasa kamar inci huɗu, saboda ruwan mofa. In zai yiwu a janye shi daga bango ko da inci biyu ne, ya fi. A ƙofofin kuma ina huda ramuka in sa raga ta ciki, iska ta shiga, kyankyaso bai shiga ba. Mai hali kan sa na alminiyon a wannan gurbin ya huta.

Ledar da kika shimfiɗa ki cire ta yau. Tana riƙe laima tsakaninta da katako, shi ya sa baƙin ya fito ta ƙarƙashinta.

Hajiya Iya Zango:

'Yata sannu, Allah ya raya mana. Nan Zango ta Agege aka haife ni, fataucin goro ya kawo kakana, a nan na yi aure na aurar. Duk amaryar da aka kawo daga Arewa sai ta yi kukan da kike yi a daminarta ta fari.

Abin da Malam Sani ya faɗa a kan bututu da bango ki bi shi. Ni ta wajen ajiya zan yi miki magana. Ikko ba garin ajiyar gari ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi, Yuni ya fi kowane, ya ɗan ɗauke a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. A cikin waɗannan watanni ni ba na niƙa abin da ya wuce na mako biyu. Tsabar masara ko dawa da ta bushe da kyau ta fi gari jurewa nesa ba kusa ba, don haka ki ajiye tsaba, ki riƙa kai niƙa kaɗan-kaɗan. In an dawo da shi daga inji da ɗuminsa, ki baza shi a faranti ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi a cikin mazubin.

Buhu da ƙullin leda ki manta da su. Bokitin kastad mai murfin da ke kamawa gam shi ne na gari da shinkafa da wake. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, citta, kanumfari, kowanne ki nema masa kwalba mai murfin murɗawa, irin ta mayonis, ki wanke ta bushe ƙayau. Ki ware 'yar ƙarama ta amfanin yau da gobe, babbar ki bar ta a rufe. Kuma kada ki buɗe kwalbar kuka a kan tukunya tana tafasa kina kaɗawa, tururin nan shi ke shiga ya dunƙule ta. Ki ɗiba da busasshen cokali a gefe. Daddawa ni dakawa nake da ɗan gishiri da barkono, in ɗan gasa ta sama-sama a busasshiyar tukunya, ta huce in zuba a kwalba. In kuna samun wuta, firiza ta fi mata, ita da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli.

Muciya, ludayi, maburgi, taɓarya, katakon yanka albasa, ba a sa su a kabad a garin nan. Ƙusa za ki buga a bango kusa da taga ki rataye su. Kwanuka su tsane a kwando har su bushe kafin su shiga ciki. Soso da tsumman goge-goge su ma waje, a kan igiya. Da dare in kin gama komai ki bar ƙofofin kabad a buɗe, kuma kada ki cika shi dam, ki bar tazara tsakanin kaya da bayansa. Ina sa gawayi a ɗan kwano a kowane hawa, yana rage wari, in rana ta fito in shanya shi in mayar. In Agusta ta zo aka samu rana, ki fitar da komai tsakar gida ya sha.

Garin da ya yi kore kam kada ki tuƙa wa yara. In akwai mai kaji kusa ki ba shi, kada ya tafi a banza.

Sista Rabi:

Maman Hanifa, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma abin da ya sa na tsaya rubutu kafur ɗin nan ne. Don Allah ki kwashe shi yanzu, daga kabad ɗin kicin da kuma cikin kayan jaririya in kin sa a can. Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa sinadarin naftalin ne, don ƙwarin tufafi aka yi su, ba sa tsotse laima, warinsu ne kawai yake danne na funfunar. Abinci yana ɗaukarsa, musamman gari da mai. Sannan yara da yawa a ƙasar nan, maza sun fi, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, iyaye ba su sani ba. Irin wannan yaron in ya shaƙi naftalin ko aka sa masa kayan da suka kwana a cikinsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, ya kamu da shawara mai tsanani, ido da jiki su yi rawaya. Ga kuma Hanifa da za ta iya ɗauka ta kai baki ta zaci alewa ce.

Mama Hajiya, ki yi haƙuri, a kan garin nan zan saɓa miki kaɗan. Ko kaji kada a ba. Wata funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin. Ido ba ya bambance mai dafin da marar shi, shanyawa da tankaɗe ba sa cire shi, tafasar tuwo ma ba ta kashe shi. Hanta yake ci, in ya taru a jiki shekara da shekaru yana kawo kansar hanta, yana kuma tauye girman yara. A kan tsuntsaye ma aka fara gano shi, a Ingila a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai funfuna. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta lalace a ajiya. Ki ƙulle garin a leda ki zubar. Na san tiya shida a wannan tsadar ba wasa ba ce, amma ki daure. Kukar ma in tana wari ko launinta ya canza ta bi shi. Muciya kuwa a kankare ta da ruwan zafi, ta sha rana sosai, in baƙin ya shige cikin tsagar icen a canza wata.

Wajen wankewa, ki goya wa wani jaririyar a fita da ita daga wurin, Hanifa ma haka. Ki buɗe taga da ƙofa, ki sa safar hannu da takunkumi. Kada ki kankare funfuna a bushe, ƙurarta ce ke tashi ta shiga ƙirji, ki fara jiƙa ta da ruwan sabulu ki goge. Bilic, irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya ya isa a lita huɗu na ruwa, ya fi aiki a kan tayil da roba da ƙarfe. A kan katako mutane da yawa sun fi son farin ruwan kal, wato vinegar, a fesa shi yadda yake, a bar shi awa guda a goge. Ɗaya za ki zaɓa. In aka haɗa bilic da ruwan kal, ko da maganin wanke masai, iska mai guba ce ke tashi, tana ƙona ido da huhu. Bayan nan ki kunna fanka ta fuskanci kabad ɗin a buɗe har ya bushe kafin ki mayar da ko cokali.

Tarin dare na Hanifa ki kai ta a duba ƙirjinta, ki gaya wa likita akwai laima da funfuna a gidan. Suna tayar da asma da atishawa ga yaron da ke da halin haka. Ki leƙa bayan wadrob da ƙarƙashin katifar ɗakin da take kwana.

Abdul Yaba:

Ƙari kaɗan a kan tururi, Anti. Iskar Legas da damina laimarta tana wuce kashi 80 cikin 100, funfuna kuwa in ta samu sama da kashi 70 na kwanaki ta samu wurin zama. To girki yana ƙara nasa a kai. Gas kansa in yana ci ruwa yake fitarwa, kilo ɗaya yana ba da tururin da in ya koma ruwa ya kai lita ɗaya da rabi, wato silinda mai kilo 12.5 ta kusa lita 20, ban da na tukunyar wake ko ganda da za ta yi awanni a wuta. Risho ma haka. A kicin mai taga ɗaya duk wannan bango da katako ne ke shanyewa. Ki riƙa rufe tukunya, ki buɗe tagar tun kafin ki kunna wuta, ki rufe ƙofofin kabad lokacin girki, sai tururin ya fita ki buɗe su. In za ku iya, ku sa 'yar fankar nan mai zuƙe iska waje a saman tagar, ba ta cin wuta sosai. Akwai kuma 'yan robobi masu farin gishiri a ciki da ake sayarwa a manyan kantuna, suna tsotse laima har ruwa ya taru a ƙasansu, sun fi gawayi ja, amma a ajiye su inda hannun yaro bai kai ba.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Sista, kafur ya fita tun ranar, har wanda ke cikin akwatin kayan jaririya, na sake wanke kayan na shanya. Garin da kukar na zubar. Hanifa kuma mun samu ganin likita, ya ba ta magani ya ce mu dawo bayan mako biyu.

Malam Sani, ga abin da na gani. Jaridar ta jiƙe daidai ƙarƙashin inda bututun ya lanƙwashe, mai gyaran famfo ya zo ya kwance, robar ta tsage gida biyu, ya canza ta ya sake silikon ɗin bakin sinki. Amma ledar da na manna a bangon bayan kabad na ƙasa ta yi raɓa ta ciki, kuma da muka janye kwandon dankali sai ga fentin ya kumbura yana zubar da farin garin da ka ce. Bayan bangon waje ne, kuma akwai kwata a manne da shi, cike take da yashi da ledoji, ruwa a kwance. Maigidana ya ɗauki hotuna ya tura wa mai gidan, ya ce zai turo a duba. Tambayata, in sa a canza katakon yanzu ko in jira?

Mama Hajiya, na samo bokitan kastad guda uku, muciya tana kan ƙusa. In Allah ya yarda zan shigo Zango in gaishe ki, ki nuna mini yadda kike gasa daddawar.

Malam Sani Kafinta:

Ki jira, Hajiya. A fara yashe kwatar, a yi mata siminti ta daina jiƙa gindin bangon, wannan ko mai gida bai motsa ba ku da sauran 'yan haya za ku iya yi ranar Asabar. Ruɓaɓɓen gindin da bayan dai a cire su yanzu a fitar waje, a bar gurbin a buɗe iska tana dukan bangon. Bulo da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, da damina ma ya fi haka, don haka kada a yi masa fenti ko tayil da wuri. Ki sake gwajin ledar ƙarshen Agusta. In ta fito a bushe sai a sa sabon katako, in har yanzu tana raɓa to aikin magini ne, za a fasa filastar ƙasan a sake ta da simintin da aka haɗa da maganin hana ruwa, kuma wannan kuɗin mai gida ne, ku rubuta masa a takarda ku riƙe kwafi. Kafin nan kayan abinci su koma kabad na sama ko kan kanta a fili, na ƙasan ki bar wa bokiti da tukwanen ƙarfe.